Mai Tsaron Takalma

Daga Sabo zuwa ga Inna Safiyatu a Dingaya. Ina gaisuwa. Yaya ciwon ƙafar? Baba fa, ya huce?

Na fito daga gidan yari. Ina Kano wurin Malam Abdulsalami, wanda ke tattara irinmu, ya ciyar da mu, ya koya mana saƙa. Lafiyata ƙalau, sai dai barci ya ƙi, kuma har yanzu tafiyata ta mai mari a ƙafa ce.

Ranar Juma'a Malam ya sa ni tsaron takalman masallata. Ni, Inna, da aka kama da sata! Ko ɗaya bai ɓata ba.

Ki faɗa wa Baba haka. In ya yi shiru, ki sake faɗa. Ina so in dawo kafin shuka. Allah ya bar mana ke.