Keken Ɗinkin Maman 'Yan Biyu

Maman 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yara lafiya, sai dai girkina da suke ci suna kallon juna.

Na ji saƙonki cewa in kika dawo kika tarar keken ɗinkinki bai tashi ba, za ki ba ƙanenki ya kwashe shi ya kai wa 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa. Ki dakata. Na shiga ajin gyaran keke ta waya. Malamarmu ko ƙafarta ban taɓa gani ba, daga wuya zuwa sama take zuwa. Ta ce ilimi ba a kan mutum ɗaya yake ba, yana warwatse a hannun jama'a, gwani shi ne wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na ce a raina, ashe abin da muke yi a layin 'yan takalma ne aka saka wa kwat.

Na tura hoton keken a zauren ɗalibai, na roƙi taimako da ladabi. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Amma ki ce wa ƙanen naki kada ya yi saurin ɗauko buhu.

Naki,
Baban 'yan biyu

Maman 'yan biyu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, na ji ta fara zagaya tsakar gida. Madalla.

Kasuwa ta koya mini abu guda: mai tambaya ba a kula shi, amma ka faɗi kuskure da ƙarfi ka ga taro. Sai na koma zauren na rubuta cewa ni tsohon gwani ne, kuma maganin keke mai tsinke zare shi ne a ɗura masa man girki. Kafin in sallami mai sayen silifa, wayata ta ɗau zafi. Wani tela ya kira ni makashin kekuna. Wata tsohuwa daga wata ƙasa, wadda sai waya ta fassara mini zaginta, ta turo bidiyo don ta kunyata ni, tana nuna yadda ake daidaita ƙoshiyar zaren ƙasa da allura. Na sha zagi na ƙoshi, na bi bidiyon daki-daki. Har yanzu tsohuwar kullum sai ta leƙo ta ga ko na sake ɓarna, mun zama 'yan gari ɗaya.

Keke ya tashi, muryarsa kamar ta amarya. Na gwada shi a kan rigar matashin kanki. Ɗinkin ya ɗan yi tafiyar maciji, amma in kin dawo kada ki farke shi, shi ne takardar shaidata.

Mijinki mai kewarki,
Baban 'yan biyu