Kada ka kawo su bakin dam bana

Assalamu alaikum Ɗan'auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maijidda da yaran duka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare min ku a Fatakwal ɗin nan. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Babanku tana nan yadda ka sani, daga ɗaki sai zaure, masallaci ma sai ranar da ta ɗan lafa. Gero ya fara fid da kai, amma bana ba mu ga takin zamani ba, sai ɗan na awaki. Ka yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa, don maganar nan ba ta ba wani ya rubuta min ba ce.

Na ji saƙonka, ka ce in kun sauka Kano da hutu za ka ɗebo iyalinka a mota da safe, ku gai da mu, ka kai su bakin dam su ci kifi su hau kwalekwale, ku koma birni kafin magariba, wani yinin kuma ku leƙa kasuwar Ɗambatta. Wallahi sau uku na saurara. Na tuna lokacin da mutanen birni ke cika bakin ruwan nan ran Asabar da kulolinsu da tabarmi, kai kuma kana bin su kana kallon takalmansu. To yanzu ba kowa. Masu suyar kifin sun tashi, rumfunan sun faɗi, kwalekwale biyu ne suka rage, su ma a kife.

Ka san Nababa maƙwabcinmu. Ɗansa Tasi'u ya zo da ƙaramar Sallah daga Abuja, irin zuwan da kake so ka yi, na yini ɗaya. Yaron kirki, ya yi abin da ya kamata, ya bi gida gida ya durƙusa, ya raba sabulu da atamfa, ko ni na samu turmi. Ya ɗauki uban a mota ya kai shi bakin dam suka yi hoto. Kwana tara tsakani, da hantsi, mutanen daji suka zo a kan babura suka ɗauke Nababa a gona, fartanyarsa a nan aka tsince ta. Sai da ya yi kwana arba'in a hannunsu. Gonar fadama ta tafi, shanun huɗa sun tafi. Ya dawo, amma ba ya magana sosai, in ya ji babur sai ya shige ɗaki. Abin da ya faɗa wa Babanku shi ne, sun gaya masa kalar motar ɗansa, har gidajen da aka kai wa atamfa sun lissafa masa. Ka ga ke nan a cikinmu mai faɗa musu yake, wataƙila ma ya karɓi sabulun.

Tun ranar na fara ƙarya, Allah ya yafe min. Duk wadda ta tambaye ni kai, sai in ce aikin kamfani ya ƙare, gadi kake yi. In ka ji a bakin wani kada ranka ya ɓaci, ni ce.

Na ce da Babanku ko ka zo a motar haya da tsofaffin kaya, ka shigo ta baya, ya ga ɗan naka takwaransa ku juya. Shekarar yaron huɗu fa, bai taɓa ɗora masa hannu a ka ba. Sai ya ce ɗansa ba zai shigo garin ubansa kamar ɓarawo ya fita bai gai da manya ba, in kuma ka gai da su an gama sani. Na ce to shi a kai shi Kano ya gan ku a can. Ya ce ƙafar ba za ta ɗauki hanyar nan ba, kuma ranar da aka ga an ɗauke shi a mota, an san akwai mai biya.

Don haka ni zan zo. Zan ce asibiti za ni, in hau motar farko, mu haɗu gidan yayarka Barira a Kurna. Ka kai yaran gidan zu su ga namun daji, ka hau da su Dala, su ma wurare ne. La'asar ta yi in juyo, ba na barin Babanku ya kwana shi kaɗai. Kada ka ba ni tsarabar da za a gani a hannuna, ko leda ba na so.

Ka gai da Maijidda, ka ce na gode da man zafin. Ka gai da Asama'u da ƙanwarta, da maigidana ƙarami, ka ce masa matarsa tsohuwa na nan tafe, ya tanadi cefane. Inna Hure tana gaishe ku, ita ma gadin ta sani.

Babanku ya ce kada ka kira shi a kan maganar nan, ya riga ya yanke. Ya ce dai in na zo in dubi yaron da kyau, kunnensa da yatsunsa da yadda yake tafiya, in dawo in faɗa masa.

Ni ce mahaifiyarka,
Mairo