Ɗan Yatsan Mama

Veracruz, 5 ga Nuwamba

Yaya Fulgencio,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Remedios da yara. Allah ya sa sanyin Toronto bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau, maigidana Nicanor ya warware har ya koma bakin aikinsa a tashar jiragen ruwa.

Yaya, maganar piyanon Mama ce ke ci mini rai. Ka san ƙananan idanun na'urar nan da ke ƙarƙashin maɓallai, waɗanda suka ɗauki kiɗanta na ƙarshe, piyanon yake maimaitawa shi kaɗai. Gishirin iskar teku ya sa ya fara ƙugi, sai na kira Don Eleuterio mai gyaran piyano ya gyara. Ranar tunawa da matattu na jera furanni da burodi gaban hotonta, na kunna. Maɓallai suka yi ta sauka, amma wallahi ba Mama na ji ba. Sautin nan da ɗan yatsanta na hagu ke bugawa a raunane, wanda muke tsokanarta da shi, ya fito garau.

Na titsiye shi, ya rantse bai taɓa abin da aka ɗauka ba. Wai idanun ba sauti suke ji ba, saurin saukar maɓalli kawai suke aunawa. Wai 'yar gudumar wannan maɓallin, mai bugun tsirkiya a cikin piyanon, ita ce ta daɗe da lalacewa, ya sauya ta, hannun Mama lafiyarsa ƙalau. Har da dariya, wai kunnena ne ya saba da gurguwar guduma. Ni fa ban yarda da shi ba. Mutumin da ya sha cewa Mama tana kiɗa kamar mai tsoron tayar da jariri, ya kwana biyu shi da kwamfutarsa a falo, me zai hana shi ƙara mata ƙarfi?

Don Allah ka kai kwafin kiɗan nata da ka tafi da shi wajen masu irin wannan piyano a can, ka saurara da kunnenka. In sautin ya fito a raunane, Eleuterio ya taɓa mana uwa. In ya fito garau, to shekara ashirin muna yi wa yatsanta dariya, tana taya mu, ba ta taɓa cewa ba laifinta ba ne. Wannan na biyun nake tsoro.

Ka gai da Anti Remedios da Itzel da Casimiro. Nicanor yana gaisuwa.

Ƙanwarka,
Amparo