Ni Na Sayo Itacen Wankan

Hajiya, ki taimake ni da shawara, ko da yake na daɗe da daina sa ran shawara tana gyara wani abu a ƙasar nan.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Zuciya kuwa na zana ta a allo ya fi sau ɗari, da alli ja da shuɗi. Yau ina zaune a ƙofar gida a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaliban da na koyar suna wuce ni a mota. To, ba wannan ya kawo ni ba.

'Yata Fiddausi ta haihu kwana ashirin da uku ke nan, haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego. Uwarta, Kulu, ta sa ta gaba da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa kullum. A sati na biyu ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo uku, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki. Mijinta Ashiru, mai tuƙa adaidaita a Unguwa Uku, ya kai ta asibiti. Likita ya yi hoton zuciya, ya ce ta yi rauni, ya ba da magani, ya hana kanwa da ruwan zafin.

Kulu ta ce sanyi ne ya shige ta don ruwan bai kai zafi ba, ita sau bakwai ta yi wankan, ga ta nan garau. Sai ta ƙara wuta.

Abin da ke cina shi ne na sani. Tun ranar da ƙafar ta kumbura na sani. Amma na gaji da magana a gidan da ko me na faɗa sai a ce bokona ne ya motsa. Ni ne ma na sayo itacen dafa ruwan. Jiya yarinyar ta fito daga wanka tana dafa bango, ta gan ni, ta yi murmushi don kada in damu. In ɗauke ta in kai gidan ƙanwata a Daurawa, ko in yi shiru yadda na saba?

Tsohon Malami, Gyaɗi-Gyaɗi

Malam, shirun ya isa haka.

Ka fi ni sanin cewa jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya ta yi watanni tana aikin da ya fi na da. Wasu matan zuciyarsu takan gaza bayan haihuwa ko sun yi wankan ko ba su yi ba, don haka daina ɗora wa kanka laifin duka. Amma gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafin kuma ƙarin kaya ne ga zuciyar da ta gaji. Su biyun su tsaya yau.

Hajiya Kulu ba mugunta take yi ba. Tsoro ne irin naka, kuma abin da ta sani take yi. Kada ka yi mata lacca. Tunda har yanzu akwai haki, ku mayar da Fiddausi asibiti yau ɗin nan tare da Hajiya Kulu, ta ji daga bakin likita, ta ga hoton da idonta. Sannan ka bar mata jegon a hannunta: ruwa mai ɗumi, abinci marar gishiri da yawa, magani a kan lokaci. In ta ƙi duk da haka, to Daurawa, ba jira. Ka kuma zauna da Ashiru: ba wani cikin sai likita ya yarda.

Mata da yawa suna warkewa daga wannan in an kula. Fiddausi tana buƙatar uwarta da ubanta, bakinsu ɗaya. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da ta haifa.

Hajiya Binta