Wurin da Tatsuzo Ya Ɓoye

Kamoura, farkon watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Tokie,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da maigidanki da jikoki. Yaya gwiwar taki? Sanyin duwatsun naku ya fara shigowa? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Tuffar da kika aiko ta iso, na raba wa maƙwabta, sauran kuma mijin yayarki ya cinye yana cewa ta bara ta fi zaƙi. Kin dai san halin Tatsuzo.

Kin tambaye ni ko ya haƙura da teku tunda ya sayar da babban jirgin. Ina fa. Ya riƙe ƙaramin kwalekwalen nan mai inji, kuma yanzu da kaka ta shigo kifin suzuki ya yi ƙiba, sai ya zama ɗan dare. Rana na faɗuwa zai ci shinkafarsa a tsaye, ya suri sandar fatsa da akwatin kifayensa na roba masu ƙugiyoyi, ya fice. Wai suzuki sai duhu ya yi yake matsowa farautar ƙananan kifi. Mutumin da ya ba saba'in baya, wanda sai ya dafa bango yake sa takalmi, shi kaɗai a kan ruwa cikin duhu. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji wata rana ya tafi ke nan.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da kula a wasu wuraren. Ba ya tashi sai ya gwada fitilunsa, ja da kore da farar nan ta sama. Yana kwashe duk wata igiya daga ƙasan kwalekwalen don kada ya harɗe, yana danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya saboda in ta shiga hannu a duhu ta fita da sauƙi. Amma rigar ceto, wannan kam mun sha fama. Ɗanmu Norio ya aiko masa da sabuwa mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu da usur a kafaɗa. Ya juya ta ya ce, "Ni za a ɗaura wa wannan kamar jariri? Ubana bai sa ba." Na ce, "Ubanka ma ai haƙoran roba bai sa ba, kai ga su a kofi." Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ni kuwa na ɗauke makullin injin na jefa cikin tulun tsamin kabeji. Da ya ga dare zai wuce shi ya sa rigar yana ƙunƙuni, na ɗaure masa maɗaurin da hannuna. Yanzu kullum a bakin ƙofa nake ɗaure shi, kamar mai shirya ɗan makaranta.

Na roƙe shi ya riƙa tafiya da wani, ya ƙi. Abin da kawai na samu shi ne ya gaya mini inda za shi, amsar kuma ba ta canzawa, "Ƙarƙashin gada." Kin san masunta da ɓoye wurin kamunsu, ko ɗan'uwa ba sa gaya wa. To ni matarsa ce, me zan yi da wurin kifi?

Maƙwabcinmu Matsuji yana nan, kin tuna shi, mai kunnuwan nan da suka yi aji ɗaya da Tatsuzo. Har yau ba sa gaisawa sai da baƙar magana. Kwanan nan shi ma yana kawo manyan suzuki, abin yana cin Tatsuzo a rai. Jiya na ji Tatsuzo yana ce masa ta kan shinge, "Kai tsoho, a kasuwa ka sayo wannan?" Matsuji ya ce, "A'a, naka ne da ya tsinke jiya, ya ce in gaishe ka."

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Yayarki mai ƙaunarki,
Kinuyo

Kamoura, ƙarshen watan Oktoba.

Ƙanwata Tokie,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Na san Norio ya buga miki waya, kuma na san da kunnen nan naki rabi kika ji. To ki kwantar da hankalinki, Tatsuzo yana raye, yana asibiti, har ya fara yi wa ma'aikata ƙorafin miya ba gishiri. Bari in ba ki labarin daga tushe, don ni ma sai na rubuta nake yarda ya faru.

Daren Talata ya fita kamar kullum, ya ce gada. Kafin tsakar dare yake dawowa, sai na ga dare ya raba babu shi. Na kira wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Na zauna na tashi, na ce kada in tara wa mutum jama'a ya zo ya same ni da faɗa. Daga baya na ce ya yi faɗan, in dai zai zo ya yi. Na kira Okabayashi, shugaban ƙungiyar masunta, shi kuma ya kira masu tsaron gaɓa.

Kin san al'adar garin nan. In jirgi ɗaya bai dawo ba, babu wanda zai jefa raga sai an gan shi. Kafin in isa tashar jiragen ruwa fitilu sun cika ta, har jiragen da suka shirya fitar asuba sun sauke kayansu. Okabayashi ya ce, "Matar Tatsuzo, ina ya ce za shi?" Na ce ƙarƙashin gada. Nan take suka kunna inji suka nufi gabas, ni kuwa na tsaya ina ganin na yi abin da ya dace.

Matsuji ne kaɗai bai kwance igiyarsa ba. Yana tsaye yana murza hula, na ji haushinsa ya kama ni, na ce a raina wato gabar tasu har ta kai nan. Sai ya taka wurin Okabayashi ya ce, a gaban matan da ke tsaye duka, "Shugaba, ka kira su su juyo. Ba ya gada, bai taɓa kamu a gada ba. Yana bayan tsibiri, wajen tsofaffin gadajen gora na kiwon kawa, dodon koɗin nan na teku." Okabayashi ya ce, "Kai ya aka yi ka sani?" Ya ce, "Bin sa na yi. Na kashe fitiluna na bi shi a baya, shekarun baya. Duk daren da bai fita ba, ni nake zuwa wurin."

Ke da kika tashi a nan kin san abin da wannan magana take nufi. Bin mutum zuwa wurin kamunsa daidai yake da zura hannu a aljihunsa, ga kuma tafiya ba fitila, wanda shi kaɗai ya isa a dakatar da mutum daga ƙungiya. Matarsa Harue ta rufe fuska da gyale. Shi kuwa bai jira komai ba, ya faɗa jirginsa ya yi yamma, rabin jiragen suka juyo suka bi shi.

Ruwa ya riga ya ja kwalekwalen can nesa, babu kowa a ciki, wayar tana kwance cikin akwati. Matsuji ya sa kowa ya kashe inji aka yi shiru, sai suka jiyo usur can ƙasa-ƙasa. Suka sami Tatsuzo maƙale da gora, rabin jikinsa a ruwa, hannuwansa duk ɓawon kawa ya yanyanke, bakinsa ba ya iya haɗa magana. Ashe babban kifi ya kama, ya miƙe ya leƙa da raga zai kwaso shi, igiyar ruwan wani jirgin kaya ta daki kwalekwalen ta gefe. Likita ya ce da rigar ceton ta zame ta kai, ko da an ƙara jimawa a gada, da wani zancen ake yi yanzu.

Da na shiga wurinsa na yi niyyar in wanke shi tas, na shirya maganganuna tun a mota. Ina ganinsa cikin bargo ya ƙanƙance, sai na kama ƙafarsa na yi ta kuka. Da na dawo gida na kunna turare gaban hoton su Baba da Inna na daɗe a durƙushe. Ban san wa zan fara gode wa ba, shi ya sa na gode wa kowa.

Kada ki taso da wannan gwiwar, babu abin da ya rage sai jinya. Ki gaida maigidan.

Taki har kullum,
Kinuyo

Kamoura, tsakiyar watan Nuwamba.

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Yaya dusar ƙanƙara, an ce ta sauka muku da wuri bana? Safar ulun da kika saƙa wa majinyacin ta iso, yana sanye da ita yanzu haka, ya ce in ce miki ta yi masa yawa amma ba zai cire ba.

An sallame shi, hannuwan sun warke. Mun kuma yi zagayen godiya kamar yadda aka saba, gida-gida, duk wanda ya bar aikinsa a daren nan. Ni ina riƙe da tawul-tawul da kwalaben giyar shinkafa, shi yana sunkuyawa yana ba da haƙurin wahalar da ya jawo. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuya wa kowa da son ransa ba, ranar sai da bayansa ya riƙe. Mutanen garin nan kuwa, Tokie, ban san da bakin da zan gode musu ba. Kowa sai ya ce, "Haba, ai gobe mu ne." Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Ka tashi haka nan, kada a sake tara jirage a ɗaga ka."

Gidan Matsuji ya bari a ƙarshe, alhali shi ne a jikin namu. Na ga ya tsaya a ƙofa yana gyara wuyan riga, na ce to yau akwai kallo. Matsuji ya fito, suka tsaya suna kallon takalman juna. Can Tatsuzo ya durƙusa har goshinsa ya taɓa dakali. Matsuji ya ce, "Tashi, kai tsoho, ni ne ɓarawo, ni ya kamata in durƙusa." Tatsuzo ya ce daga ƙasa, "Ɓarawo kam kai ne. Na gode da ka yi satar." Ni da Harue muka shige kicin muka bar su, don kowaccenmu idonta ya kawo ruwa.

Ƙungiya ta zauna a kan maganar tafiya ba fitila. Tatsuzo ya je da kansa ya roƙa, aka tsaya a kan gargaɗi. Wurin kamun nasa kuwa ya tashi daga sirri, tunda rabin garin sun gan shi da idonsu. A nan ne ya gaya mini cewa mahaifinsa ne ya nuna masa shi, ya kuma sa shi alkawarin ko matarsa kada ya gaya wa. Na ce, "To ka cika alkawari, saura kaɗan ka je ka ba shi rahoto da bakinka." Na gaya masa gaskiyar abin da ya fi yi mini ciwo, cewa da bakina na tura mutane gabas yana yamma yana mutuwa. Da Matsuji ya ji kunya ya yi shiru, da ni ce na kashe shi ban sani ba. Tatsuzo ya kalli hannuwansa ya ce, "Maman Norio, ki yafe mini." Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Norio yana so a sayar da kwalekwalen. Na ce a'a, in aka raba ubansa da teku a kujera zai mutu, kuma ni zai fara kashewa da mita. Sharaɗi na kafa: ba shi kaɗai ba, waya a jiki cikin leda ba a akwati ba, kuma in kifi ya zo ɗaya ya riƙe sanda ɗaya ya riƙe raga, kowa a zaune. Shekaranjiya suka fita karon farko shi da Matsuji, tun daga ƙofa suna musun wa zai tuƙa. Da zai fita ya juyo ya ce, "Bayan tsibiri za mu. In mun canza wuri zan kira ki."

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk tsawon shekarun nan, in ya fita da dare, nakan tsaya a tagar kicin in kalli fitilun gada, in zaɓi wata ƙaramar fitila a ƙasa in ce ga nawa can, in yi masa fatan dawowa lafiya. Ashe mazan wasu nake ta yi wa, ina fata dai ta amfane su. Shekaranjiya sai na rasa inda zan tsaya, na buɗe ƙofar baya inda nake shanya, na kalli yamma. Tsakanin rufin su Harue da gindin tudu akwai ɗan wurin da ruwa ke bayyana, daidai inda tsibirin ya ƙare. Ga farar fitila nan guda ɗaya tana lilo a hankali. Tokie, daga ƙofar gidana ake hango shi, ni kuwa shekara arba'in da ɗoriya na ba shi baya. Na jawo kujera na zauna cikin sanyin nan, ban tashi ba sai da na ga fitilar ta juyo ta kamo hanyar gida.

Ki gaida maigidanki da jikoki, ki kula da kanki.

Ni ce yayarki,
Kinuyo