Ki Koma Ga Maganinki, Barewata

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ruwan randa a maƙogwaron matafiyi, uwar 'ya'yana, barewata,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da zama ya gagare shi. A kan murfin akwatin kayan aiki nake rubuta wannan takarda, a gindin motar haƙar rijiya, abokan aikina na cin abinci, ni kuwa na ture kwanona gefe. Tun safe nake ɗaure bututu a karkace ina kwancewa, har shugabanmu ya ce gangar jikina ce kawai ta zo aiki. Bai yi ƙarya ba. Na kira ki a waya, kika yi mini dariyar nan taki mai kwance mini kai, kika juya hirar zuwa rufin ɗakin girki da ke yoyo. To, ga takarda. Ita ba a katse ta da dariya.

Kin tuna ranar da kika ja ni asibiti kamar akuyar da ba ta son kasuwa? Tun kafin ranar kin ɗauke ƙwai daga farantina, kina kallon tumbina kamar wani abokin gaba da ya tare a gidanki. Kika ce jinina ya cika da kitse, sai an gwada. Muna zaune a kan bencin nan mai ƙafa ɗaya gajeriya, ina gumi, kina yi mini fifita da katin asibiti. Don in rage tsoron allura na ce ba zan miƙa hannu ba sai ke ma kin miƙa. Kika naɗe hannun rigarki kina murmushi, kika ce ke da iska ke neman ɗauka, ina kitse zai sami wurin zama? Wallahi ranar kin yi kyau kamar jinjirin wata, har na manta da allurar.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Likita ta duba sakamakon gwajina ta ce da sauƙi, in dai rage zama in ƙara tafiya. Ta duba naki ta cire tabarau. Kika ce an yi musayar takardu ne. Ta sa aka sake gwadawa, ya sake fitowa yadda yake. Ban manta yadda ta yi mana bayani ba: kitsen nan da suke kira kolestarol ba shi ne wanda ake damƙa da hannu a ciki ko a cinya ba. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, akwai mai amfani akwai mai toshe hanyar jini, kuma wasu gadonsa suke yi kamar yadda ake gadon dogon hanci. Ta tambaye ki yadda Inna ta rasu. Ni na amsa mata, na ce mahaifiyarki siririya ce kamar ke, tana shanya a tsakar gida ta dafe bango ta sulale, ba ta ko kai shekarun tsufa ba.

A hanyar komawa kika riƙe hannuna a bainar jama'a, abin da ba ki taɓa yi ba. Na ɗauka mun gama magana ke nan.

Sai ga 'yarmu Auta ta kira ni jiya. Ta ce kwalin maganin da likita ta rubuta miki yana cikin aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zare da maɓallai, kin daɗe ba ki taɓa shi ba. Ta ce maƙwabciyarmu ta haɗa ki da ruwan lemun tsami da tafarnuwa, wai yana narka kitse. Haba, hasken gidana! Jijiya tukunya ce da za a wanke ta da ruwan tsami? Kuma ta ce shekaranjiya kin tsaya a tsakiyar matattakalar shagonki kina haki, kina murza muƙamuƙi, kika ce mata gajiya ce da ciwon haƙori. Kada ki yi mata faɗa. Tsoro ne ya sa ta faɗa, ni kuma tun lokacin zuciyata ke bugawa kamar tsuntsun da ya faɗo ɗaki ya rasa taga.

Na san abin da za ki ce, don na fi sanin bakinki fiye da hanyar gidanmu. Za ki ce ba kya jin ciwon komai. Itacen da gara ke ci daga ciki yana kuka ne? Ganyensa kore shar, har ranar da iska ta zo. Za ki ce ciwon zuciya na maza ne masu ƙiba. Inna namiji ce? Likitar nan da bakinta ta ce a mata sau da yawa ba ya zuwa da ciwon ƙirji mai kayar da mutum, yakan zo ne a sace, da haki, da kasala, da ciwon muƙamuƙi ko na baya, musamman a irin shekarun da muka shiga. Za ki ce ai kin daina cin ƙwai. Bawan Allah ƙwai, shi aka kama, ɓarawon na yawo! Man da kike soya abu a ciki yau, ki juye a kwalba ki sake soyawa gobe har ya yi baƙi, da kayan fulawar da kike saye a bakin shago ki ci a tsaye saboda ɗinki ya hana ki girki, su fa? Kuma ko da kin koma cin ganye kamar barewar gaske, likita ta ce irin naki na gado sai an haɗa da magani, ba a kuma ajiye shi don an ji sauƙi.

Ni ba likita ba ne, mai haƙa rijiya ne da ke son matarsa. Ina so in gan ki ne kamar yadda busasshiyar ƙasa ke son yayyafin farko, amma na fi so in san kina numfashi lafiya ko da ban gan ki ba. Me zan yi da gida idan babu ƙarar kekenki? Wa zai gyara mini wuyan riga a bakin ƙofa yana yi mini faɗan da ya fi zuma?

Ga roƙona. Direban motar kayanmu ne zai miƙa miki wannan takarda da yamma, na kuma yi magana da Yayanki, zai zo ya ɗauke ki. Ki ajiye almakashi ki bi shi asibiti yau, kada ki jira ni, kada ki jira ki gama kayan mutane. Ki gaya wa likita komai, har da matattakala, har da muƙamuƙin. Na nemi hutu, an ba ni, ina nan tafe bayan wannan takarda. Na yi alkawari abin da aka hana ki na hana kaina. Za mu bar soyayye mu riƙe soyayya, mu koma wake da kifi da ganye, mu riƙa fita tattaki da sassafe ko da maƙwabta za su ce tsofaffi sun koma samartaka.

Ban taɓa roƙonki ki ƙara mini so ba, wanda kika ba ni ya ishe ni har ya zuba. Daɗewa nake roƙo. Ina so in ga gashinki ya yi fari fat, ina so haƙoranmu su zube tare, mu zauna a ƙofar ɗaki jikoki na yi mana dariya don mun kasa jin juna.

Naki ne ni tun ranar da na fara ganinki, naki ne yau, kuma ba ni da wata ƙofa da zan ƙwanƙwasa har ƙasa ta rufe idona.

Mijinki