Na Uwa, Na Rassa

Litinin, 3 ga Maris

Reshen bakin tasha na shirin ficewa daga ƙungiyarmu ta maɗinka. Mai Zare, shugabansu, ya faɗa min a gaban mutane: "Shugaba, ko fitila za mu canza sai mun jira izininka? Mun gaji." Shekara goma sha tara ina riƙe da ƙungiyar nan. In suka fita, rassa uku ba za su iya ɗinkin kayan makarantu ba, aikin zai kuɓuce mana gaba ɗaya.

Laraba, 5 ga Maris

Na dawo da rana raina a ɓace, na tarar da Malama, matata, tana duba jarrabawar ɗalibanta a kan tsarin tarayya. Na yi mata ƙorafi. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Maigida, matsalarka ita ce kana ganin kai kake ara musu iko. A tarayya ba aro ake yi ba. Gwamnatin tsakiya da jihohi duk daga takarda ɗaya suke samun ikonsu, wato kundin tsarin mulki. Babu mai ƙwace na wani."

Na sa ta maimaita sau biyu. Wallahi kamar an kunna min fitila a ka! Abinci ya huce muna zana wa ƙungiya irin wannan kundi a bayan kwalin maɓallai.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗinke aljihun wando a juye. Hankalina na kan kundi.

Asabar, 8 ga Maris

Taro a shagona, kowa a kan bencin da ya samu. Na ja layi biyu a kan teburin yanka da allin awo, gida uku ke nan. Na uwar ƙungiya: karɓo manyan ayyuka, sayen yadi a dunƙule, magana da hukuma. Na rassa: lokacin buɗewa da rufewa, tsarin shago, wanda za su ɗauka aiki. Na tsakiya kuma na haɗin gwiwa, kamar ingancin ɗinki, in an saɓa na uwa ne a sama.

Mai Zare ya ce, "To abin da ba a rubuta ba fa, na waye?" Na buɗe baki zan ce nawa. Na tuna Malama ta ce a nan ake gane mai gaskiya. Na ce na rassa. Sai da ya cire tabarau ya kalle ni.

Talata, 11 ga Maris

Rikici sabo. Reshen kasuwa shago talatin da ɗaya ne, na bayan asibiti shida kacal. Anti Gajera, shugabar 'yan bayan asibiti, ta buga tebur: "In da yawa za a bi, mu kullum 'yan kallo ne!" Mun tsaya a kan haka: babbar shawara sai ta wuce sau biyu, sau ɗaya a ƙirga shaguna, sau ɗaya kowane reshe ƙuri'a guda. Gyaran kundin kuwa sai rassa uku sun yarda. In an yi saɓani, tsofaffin maɗinka uku da suka ajiye keke su yanke, hukuncinsu ya hau kan kowa, har ni. Ni na kawo wannan da kaina, ina ta jin daɗi.

Lahadi, 16 ga Maris

AN SA HANNU! Rassa huɗu duka. Shafi bakwai. Na kai kundin an saka shi a leda mai kauri. Malama ta ce in daina shafa shi kamar jariri.

Alhamis, 27 ga Maris

Aikin makarantu ya matso, na ba da umarni kowane shago ya buɗe ƙarfe bakwai. Mai Zare ya kai ƙarata gun tsofaffin. Ni! Ni da na rubuta abin!

Asabar, 29 ga Maris

Na sha kaye. Baba Mai Gilashi, ɗaya daga cikin tsofaffin, ya bi layin da yatsa, ya ce, "Ɗana, ranar miƙa kaya taka ce. Lokacin buɗe shago nasu ne. Ga rubutunka nan." Na ce ai gaggawa ce. Ya ce, "Ka rubuta gaggawa?" Ban rubuta ba.

A gida na ce wa Malama tsarinta ya ci amanata. Ta ce, "Yau ne ma ya fara aiki." Ban kula ta ba har la'asar.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An miƙa kaya kwana biyu kafin wa'adi. 'Yan tasha ashe ƙarfe goma suke buɗewa saboda sai lokacin wutarsu ke zuwa. Shekara nawa ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wani daga bayan asibiti ya zo wai in tsawata wa Anti Gajera, ta matsar masa da teburin guga. Har na ɗauki hula na kai bakin ƙofa. Sai na ji bakina ya ce, "Je ka same ta, ba hurumina ba ne." Ya tsaya yana jira ko wasa nake.

Na koma kan keke na gama rigar Malama da ke jira tun bara. Kada ta ɗauka wani abu ne, lokaci kawai na samu.